Makwarwar Maine ko mus na Newfoundland: wace farauta za ka biya wa kuɗi?

Da zarar Agusta ta raba tsakiya, wayata ba ta hutawa. 'Yan'uwa daga Bronx, daga Maryland, wani lokacin har daga Toronto, kowa da tambaya iri ɗaya: "Malam, mun ji kana shiga dazukan arewa farauta. Ina za mu dosa, me ake harbi, nawa za mu tanada?" Yawancinsu 'yan ƙauye ne irina, waɗanda suka taɓa bin yayyensu dawa da rani, da kare da gora, a dawo da zomo ana murna. Kewar wannan ce take cin su a birnin da ko ƙasa ba ka takawa sai kwalta. Amsar waya gutsi-gutsi ba ta gamsarwa, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani a wurare biyun da na sani: jihar Maine a ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, da tsibirin Newfoundland na Kanada.

Da farko ka cire farautar gayya daga ranka. A nan babu gangami, babu kiɗa, babu cinna wa daji wuta. Kowace dabba da watanta, da adadinta, da takardarta. A Maine sai ka nuna shaidar kwas na kiyaye haɗarin bindiga kafin a sayar maka da lasisi, ko ka karɓi na ɗan koyo, wanda dole sai wani gogagge yana tare da kai. Mai zaune a Amurka da biza ta ɗan lokaci, kamar ɗalibi, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki, don haka takarda ce gaba. Baƙon da zai shiga Kanada da bindigarsa kuma zai cike takardar bayyana makami a kan iyaka, ya biya dalar Kanada 25, ta yi masa kwana 60.

Sai shi dajin. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Maine itatuwa ne. A arewacinta akwai yankin North Maine Woods, eka miliyan 3.5, mafi yawansa na masu sana'ar katako. Ta shinge ake shiga, a rubuta sunanka, ka biya. Hanyoyin na tsakuwa ne, motocin dakon gungume ne masu hanya, ka hango ƙurarsu ka rakuɓe gefe. Waya ba ta kamawa. A dajinmu na gida kana sa ido a kan wata kuka ko tsamiya daga nesa ka gane inda ka baro. A can itatuwan a cushe suke, kamarsu ɗaya, taku hamsin daga bakin hanya gabas da yamma sun rikice maka. Shi ya sa ban taɓa ce wa baƙo ya shiga ba jagora ba. Tun 1897 jihar take yi wa jagororin daji rajista, lasisin farko ma mace aka ba, Cornelia Crosby, kuma har yau sai mutum ya ci jarrabawar taswira da kamfas kafin a kira shi jagora.

Bari in fara da tsuntsu, don da shi na fi so mutum ya fara. Akwai wadda Turawa ke kira girawus. Ni makwarwa nake ce mata, don girmanta da halinta sun yi kama da tamu. Nauyinta rabin kilo ne da 'yan kai, ƙirjinta fari kamar na kaza. Ana buɗe farautarta a ƙarshen Satumba har 31 ga Disamba, guda huɗu a rana. A Oktoba kuma ga wudkok, ɗan tsuntsu mai dogon baki da ke zaƙulo tana a ƙasa mai danshi, yana ratsowa zai gudu kudu kafin ƙasa ta daskare. Shi uku ne a rana. Babu ƙuri'a, babu jira. Ka sayi lasisi yau, gobe kana daji.

Ranar da na fara bin kare mai nuna tsuntsu ba za ta fita a raina ba. Jagoran dattijo ne. Ya ɗaura wa karyarsa ƙararrawa a wuya, ya sake ta cikin wani dajin da aka sare shekarun baya ya sake tofowa sirara-sirara kamar karan dawa. Ba ma ganinta, ƙararrawar kawai muke bi. Can sai ƙara ta ɗauke ɗif. Ya yafito ni, muka kutsa, ƙaya tana jan wando. Sai ga ta a sandare, ƙafa ɗaya a ɗage, jela a miƙe, hanci na nuna gindin wani ruɓaɓɓen icce, jikinta na ɓari amma ba ta motsa ba. Na yi taku biyu. Fir! Makwarwa ta tashi da rugugi kamar an tayar da babur a ƙarƙashin ƙafata, kafin bindiga ta kai kafaɗa ta sha kwana bayan itace. Goma sha ɗaya muka tayar a ranar, biyu muka kawo gida.

Abin da ya sa nake tura sabon shiga nan shi ne kuskure a farautar tsuntsu ba ya da tsada. Ka ɓarar da harbi da safe, kafin azahar wata ta tashi. Kana tafe jagora yana nuna maka sawu, kana koyon riƙe bindiga cikin sarƙaƙiya ba tare da bakinta ya kalli ɗan'uwanka ba. Kuɗin jagora da karnukansa na yini ɗaruruwan daloli ne, mutum biyu na iya rabawa, kuma daga New York tafiyar yini ɗaya ce a mota zuwa Rangeley ko Greenville ko Jackman. Sai dai nama kaɗan ne, na miyar dare ɗaya ko biyu. Wanda ya zo cika firiza ya yi ɓatan kai. Ranar Lahadi ba a farauta a Maine ko kaɗan, doka ce tun ƙarni na 19, a 2024 ma kotun ƙolin jihar ta sake tabbatar da ita. Ka kuma tambaya tun a waya yadda za a yi farautar, don wasu yawo suke da kai a mota, in an hango makwarwa tana tsintar tsakuwa a bakin hanya a sauka, a ɗura harsashi, a harbe ta a ƙasa. Ga dattijo mai ciwon gwiwa wannan rahama ce. Mai ƙafa lafiya dai ya nemi mai kare.

Tun kafin a sauka daga mota ka gaya wa jagora maganar yanka. Al'adarsu in kare ya kawo tsuntsu da sauran rai, murɗe wuya suke yi nan take, a ganinsu tausayi ke nan. Ka ce a miƙo maka, wuƙarka tana aljihu, ka yi bisimilla ka yanka. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi ba. Bisimillar farko kuwa ta lokacin danna kunama ce, kada ɗokin tashin tsuntsu ya mantar da kai.

To, sai babban nama. Mus dangin barewa ne, amma kada sunan barewa ya rage masa girma a idonka. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai mita 1.8, dogayen ƙafafu kamar na raƙumi, hanci a lanƙwashe, wata fata tana reto a maƙogwaro. Namijin yana da ƙaho mai faɗi kamar an buɗe tafin hannu biyu, yana zubar da shi da hunturu ya sake tsiro. Babban namiji yakan yi kilo 300 zuwa 400 bayan an cire kayan ciki. Naman ja ne, ba kitse. Ban ga wanda ya karɓi kilishi da dambu kamarsa ba. Guda ɗaya ya riƙe gida shekara, har a yi rabo a masallaci.

A Maine ƙuri'a ake yi. In aka cire Alaska, babu jihar da ta kai ta yawan mus, ana ƙiyasta dubu 60 zuwa 70, amma takardun da ake bayarwa a shekara wajen dubu huɗu ne, kashi 90 cikin 100 kuma na 'yan jihar. Ɗan abin da ya rage shi dubban baƙi ke rububi. Ana rufe karɓar suna a Mayu, sakamako a Yuni. Duk shekarar da ba ka samu ba ana ƙara maka maki, amma na san wanda ya haura shekara goma yana nema. Kuɗin nema ba ya dawowa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da haka ba ya tambayi malaminsa kafin ya sa kuɗi. In Allah ya ba ka, kwana shida gare ka, Litinin zuwa Asabar, a yankin da aka rubuta maka kawai. Kana da damar sa sunan mutum ɗaya da zai iya harbi tare da kai, ta wannan ƙofar ma na shiga, abokina ne ya ci. Daɗin Maine shi ne hanyoyin katako sun ratsa ko'ina, sau da yawa ana iya jan dabba da igiya da inji a ɗora ta a tirela ɗungurungum, a kai tashar rajista, a cire haƙori ɗaya don gane shekarunta. Abin takaicinta kuma kaska. Wata irin kaskar hunturu tana taruwa dubbai a jikin dabba ɗaya tana shan jini; a hunturun 2021 zuwa 2022 sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan maruƙan da masu bincike suka sa wa alama sun mutu. Hukumar jihar tana kuma gargaɗin kada a ci hanta da ƙodar mus saboda sinadarin kadmiyam da ke taruwa a cikinsu. Na san yadda Bahaushe yake ji da hanta, amma wannan a bar ta.

Newfoundland ba ƙuri'a ga baƙo. Asali ma babu mus a tsibirin. A 1904 aka kawo guda huɗu daga New Brunswick aka sake su kusa da Howley, kyarkecin tsibirin ya ƙare ba da daɗewa ba, sai suka yaɗu har suka haura dubu ɗari. Sun yi yawan da suke cinye tsiron daji suna haddasa haɗari a titi, har a 2011 aka buɗe farautarsu cikin gandun Gros Morne da Terra Nova don a rage su. Duk wanda ba mazaunin lardin ba, ko da ɗan Kanada ne daga Toronto, sai ta hannun mai masauki mai lasisi zai sami takarda, kuma sai da jagora zai shiga daji. In ka biya kafin alƙalami, makonka ya tabbata tun shekara guda kafin lokaci. Farashin ne mai nauyi: dubban daloli na mako ɗaya, masaukin da sai jirgi mai sauka a ruwa ko helikwafta ya kai ka ya fi wanda mota ke zuwa tsada nesa ba kusa ba, ga harajin kashi 15 cikin 100, ga kuɗin mahauci, ga ihsanin jagora da mai girki. Ko ka sauka a filin jirgin Deer Lake ko Gander, ko ka tuƙa har North Sydney a Nova Scotia ka hau jirgin ruwa na wajen awa bakwai zuwa Port aux Basques. Mai son ya dawo da namansa duka, mota da manyan kuloli ta fi masa.

Amma kafin ka duba aljihu, duba ƙafarka. Ƙasar fadama ce, ka taka kamar katifa, ƙafa ta nutse har ƙauri, ka zare ka sake takawa, haka tun asuba. Ga gajerun itatuwan da iska ta murɗe suka sarƙe, ba a ratsa su sai zagaye. Ga hazo da yayyafi da kan rufe kwana biyu, jirgi ma ba ya tashi. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ne lokacin barbararsu, shi ne lokacin kira. Jagorana ya naɗe ɓawon wani farin itace kamar mazurari, muka durƙusa a bakin tafki kafin rana ta fito, ya yi wani dogon kuka ta hanci irin na macen da ke neman namiji. Shiru. Sanyi ya fara shiga yatsu. Bayan kamar rabin awa muka ji gurnani gajeru-gajeru daga gefen ruwa, sai ƙarar ƙaho yana dukan rassa. Ya fito yana rangaji, tururi na fita a hancinsa. Na jira har ya ba da gefe, na yi bisimilla, na sa masa a bayan kafaɗa. Ya yi taku kamar ashirin ya durƙushe. Muka isa da sauran motsi, na zagaya ta bayan kansa, nesa da ƙafafun, na yanka.

Daga nan aiki ya fara. Wajen takwas na safe ya faɗi, ba mu gama kwashe shi ba sai bayan la'asar. A feɗe cikin laka, a raba shi huɗu, a zuba a buhunan yadi saboda ƙuda, a goya cinya ɗaya mai nauyin buhun siminti, a bi fadamar nan da ita har inda kwalekwale yake, a dawo a ɗauki wata. Mai hawan jini ko ciwon baya ya faɗa wa mai masauki gaskiya tun a waya, ya tambaya ko suna da motar fadama mai taya takwas da ke fitar da nama.

Akwai mas'alar da ta shafe mu, ba kuma za ka gan ta a tallan kowa ba. In aka harbi dabba da yamma ta shige daji da rauni, jagorori sukan ce a bar ta sai da safe, kada a kore ta ta yi nisa. Ta fuskar sana'arsu daidai ne. Amma wanda ya karanta Risala ya san an yi maganar abin farautar da ya kwana ba ka gan shi ba: akwai ƙaulin kada a ci, akwai kuma na cewa in ka tarar makaminka ya sami makasa babu laifi. Ni abin da na ɗaukar wa kaina, in duhu ya kusa ba na harbi sai na tabbata da inda zan sa. Nakan kuma roƙi jagora kada ya taya ni harbi, don a mashahurin zancen mazhabarmu maharbin sai ya zama Musulmi. A wannan littafin dai aka ce farauta don wasa kawai makaruhi ce. Shi ya sa in mutum ya ce min ƙahon yake so ya rataye a falo, naman ko oho, ba na taya shi neman masauki.

Wannan ya kawo ni kan beyar, baƙar dabbar nan mai farata da masaukan Maine ke yawan tallatawa. Ba ƙuri'a, ana farawa a ƙarshen Agusta, kuɗinta bai kai na mus ba. Jagora ya yi makonni yana zuba mata tsofaffin kayan zaƙi cikin durom a wani lungu har ta saba, kai kuma a ɗora ka a 'yar kujera a saman itace tun bayan azahar, ba motsi, ba tari, har rana ta faɗi. Sau biyu, a 2004 da 2014, aka kai maganar hana wannan gaban masu zaɓe, sau biyun maganar hanin ta faɗi. Ni ban je ba, kuma ba na tura kowa. Dabba ce mai fiƙa, Hanafawa da Shafi'awa sun haramta cin ta, a wajen Malikawa makaruhi ce, ga tsutsar da kan zauna cikin namanta, ba ta mutuwa sai ya dahu luguf. Barewa mai farar jela ta Nuwamba kuwa halal ce, amma a arewacin Maine tsiraru ne, gwanaye ma sukan yi mako suna bin sawu a dusar ƙanƙara su dawo hannu rabbana. Ba ta shekarar farko ba ce.

Duk wadda ka zaɓa, ka binciki mutumin da zai riƙe ka. Na taɓa biyan wani masauki da aka ce min jagora ɗaya mutum biyu, da muka isa muka tarar mu huɗu ne a kansa, rabin yini ya tafi a rarraba mu da kwaso mu. Tun daga nan ba na tura kafin alƙalami sai an rubuta min mutum nawa ne a kan jagora, me kuɗin ya ƙunsa, me zai faru in hazo ya hana jirgi tashi. In sun ce kashi kaza na baƙinsu suna samu, tambaya: samun harbi ko samun nama? Ka karɓi lambar waɗanda suka je bara, musamman wanda ya dawo bai samu ba. In shi ya yabe su, ka yarda. Maganar abinci ma tun wuri, don naman alade yana shiga inda ba ka zata ba, cikin waken da ake dafawa a Maine, da soyayyen kitsen da ake barbaɗa wa kifi a Newfoundland. In jirgi ya ajiye ku babu kanti. Ni nakan tafi da yaji da ƙuli-ƙuli da dabino, da fulas na ruwan ɗumi don alwalar asuba.

Wanda bai taɓa riƙe bindiga a ƙasar nan ba, ko yana so ya tafi da ɗansa, ko hutunsa kwana uku ne, ya tafi Maine a farkon Oktoba ya bi bayan kare. Wanda ya iya harbi, yana da ƙafa, yana da babban firiza da mutanen da zai raba wa, kuma zai tara kuɗin ba tare da ya taɓa na cefane ko wanda ake jira a gida ba, ya kama makon ƙarshen Satumba a Newfoundland tun yanzu, don makonnin kira ake fara cinyewa. Ƙuri'ar Maine kuwa, in ka natsu da ita ka riƙa jefa suna, amma kada ka ɗora shirinka a kanta.

Ƙanena ya matsa sai mus a shekararsa ta farko. Na ce masa ya je filin gwaji, ya ɗan ruga har ya fara haki, sannan ya sa harsashi uku a jere cikin faifai daga mita ɗari. Ya gwada a watan jiya, ɗaya ya shiga. Mun kama kwana uku a Jackman, ni da shi da karyar dattijon nan.